Kwafi uku na wasa ɗaya: yadda ake gane wanda ya fi kusa da uwar kaset

"Malam, barka da aiki. Na daɗe ina sauraron waƙoƙin rok na da, musamman na Led Zeppelin, kuma kwanan nan na fara tara wasanninsu da aka naɗa a wurin taro ba tare da kamfani ya fitar ba. Yanzu ina da kwafi uku, duk an rubuta cewa wasan Los Angeles ne na ranar 21 ga Yuni, 1977. Na farko yana da huci amma ana jin jama'a sosai. Na biyu ya fi shi tsabta da ƙarfi, sai dai ya gaza shi da kusan minti biyar. Na uku kuma an rubuta cewa daga miksa aka ɗauko shi, wato na'urar da injiniyan zaure ke haɗa sautin wasa da ita. Ga wani yana tallata mini faifan sidi na Japan mai tsada, wai shi ne na ainihi. Wanne zan riƙe, kuma ta yaya masana ke bambancewa?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da kake nema shi ne hanyar da za a ɗauki kwafi da dama masu suna ɗaya a gano dangantakar da ke tsakaninsu, a kuma san wanda ya cancanci a ajiye. Zan faɗa maka inda na dosa tun farko: kunne ne yake yanke hukunci a wannan harka, amma ba shi ake fara tambaya ba. Kafin ka ce wannan ya fi wancan daɗi, sai ka tabbatar da daren da aka yi wasan, ka gano wanda ya riƙe makirfo a wannan daren, sannan ka san hannu nawa kaset ɗin ya ratsa kafin ya iso gare ka. Mafi yawan musun da ake tafkawa tsakanin masu tara irin waɗannan kaya, idan ka bi shi a hankali, za ka tarar mutane ne ke kwatanta abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba.

Yadda harkar ta faro, da tabon da kowane zamani ya bari

Irin wannan ɗauka, wadda masu harkar ke kira butleg, ta bambanta da satar fasahar da muka saba ji, inda ake kwafe faifan da kamfani ya riga ya fitar a sayar da araha. A nan abu ne da kamfani bai taɓa fitarwa ba, wani ya naɗa a ɓoye ko ya samu ta bayan fage. A fagen rok, ana ƙirga farkonta daga shekarar 1969, lokacin da wasu samari biyu a Los Angeles suka buga faifan garmaho na waƙoƙin Bob Dylan da ba a fitar ba, cikin farin kwali marar rubutu, wanda aka riƙa kira Great White Wonder. A watan Nuwamban shekarar aka naɗi wasan Rolling Stones a Oakland daga cikin 'yan kallo, kafin shekara ta ƙare ya shiga kasuwa, ya kuma yi farin jinin da mutane da yawa ke ganin shi ya sa kamfanin ƙungiyar ya gaggauta fitar da nasa faifan wasa a 1970.

Dalilin da ya sa nake kawo maka wannan tarihi shi ne kowane zamani ya bar nasa tabon a jikin sauti, kuma da tabon ake gane hanyar da kwafi ya biyo. Faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da ɗoriya a kowace fuska, saboda haka masu bugawa sukan datse waƙoƙi, su sauya jerinsu, su zubar da hirar da mawaƙi ke yi tsakanin waƙa da waƙa. Idan ka ji ƙas-ƙas ɗin allura a cikin fayil, to daga garmaho aka kwafo, kuma da wuya ya zama cikakken wasa. Bayansa sai zamanin musayar kaset ta gidan waya, inda kowa ke kwafa wa abokinsa daga kwafin da shi ma aka kwafa masa. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin makaɗan kalangu da aka naɗa a wurin biki, ya yi ta yawo daga shagon mai rikoda zuwa wani har muryar ta dusashe, ya san abin da ke faruwa: kowane kwafi yana ƙara huci, yana rage kaifin sauti. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 kuma sai wasu kamfanoni a Jamus da Italiya suka sami giɓi a dokar ƙasashensu, suka riƙa buga waɗannan wasanni a faifan sidi a fili, da kwali mai kyau, ko da kaset ɗin da suka samu kwafi na biyar ne. Daga baya harkar bugawa ta fi ƙarfi a Japan, sannan intanet ta zo ta haɗa komai wuri guda, mai kyau da marar kyau, duk da suna iri ɗaya.

Daren da kake tambaya a kansa

Ka yi sa'a, domin wasan da ka zaɓa yana cikin waɗanda aka fi sanin tarihinsu. Led Zeppelin sun yi dare shida a zauren Forum da ke Inglewood, kusa da Los Angeles, a watan Yunin 1977, kuma na 21 ga wata shi ne na farko. Ɗaukar da ta yi suna a wannan daren ta wani mutum ce mai suna Mike Millard, kuma ita ce ke yawo da sunan Listen to This, Eddie. Millard yakan shiga zauren a keken guragu alhali ƙafarsa lau, ya ɓoye rikodarsa ƙirar Nakamichi 550 a jikin keken, ya nemi kujera a layukan gaba, ya naɗa da makirfo ƙirar AKG. Aikinsa ya yi kyaun da har a faifan bidiyon da ƙungiyar ta fitar da kanta a 2003 an yi amfani da wani yanki na wannan ɗauka.

Akwai wani abu game da Millard da ya shafi tambayarka kai tsaye. Mutumin ya tsani masu sayar da abin da ya naɗa, saboda haka idan zai ba wani kwafi, yakan sa masa alama ta musamman, ya ɗan rage sauti ko ya yanke shi na ɗan lokaci a wani wuri da shi kaɗai ya sani, ya rubuta ya ajiye. Idan kwafin ya ɓulla a kasuwa, ya san ta hannun wa ya fita. Ma'ana, kwafi biyu za su iya fitowa daga uwar kaset ɗaya, wato kaset ɗin da aka naɗa a zauren, duka kwafin farko, amma kowanne da inda aka yi masa rauni da gangan. Ya rasu a 1994, aka daɗe ana zaton kaset-kaset ɗinsa na asali sun salwanta, sai daga baya da yawansu suka bayyana, aka sake juye su da na'urori masu kyau. Shi ya sa za ka ga kwafin da aka juye a 'yan shekarun nan ya fi faifan da aka saya da tsada a shekarun 1990.

To, tunda martabar wannan dare ta ginu ne a kan ɗaukar cikin taro, kwafinka na uku da aka rubuta wa "daga miksa" shi ne na farko da zan tuhuma. Abu biyu ke yawan faruwa. Ko dai ɗaukar Millard ce wani ya ji tsabtarta ya ɗauka daga miksa take, ko kuma wani dare ne daban aka liƙa masa wannan kwanan wata. Akwai sanannen wasa na rangadin da ƙungiyar ta yi a wannan shekarar da aka ɗauko daga miksa, wato na Cleveland na 27 ga Afrilu, 1977, kuma da yake jerin waƙoƙin rangadin kusan ɗaya ne kowane dare, wanda bai saba ba yana iya ruɗewa.

Kada ka yi mamakin kuskuren suna, ya faru ga wasannin da suka fi wannan shahara. Shekara da shekaru ana yawo da wani wasan Bob Dylan na 1966 da sunan zauren Royal Albert Hall na Landan, wanda a cikinsa wani ɗan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana, saboda ya koma kiɗa da jitar lantarki. Ashe a Manchester aka yi shi, a zauren Free Trade Hall, ranar 17 ga Mayu. Da kamfanin Dylan ya fitar da shi a hukumance a 1998, sai ya bar tsohon sunan a kan kwalin amma cikin alamar zance, saboda da shi duniya ta san wasan.

Miksa ko cikin taro

Sababbin shiga sukan ɗauka cewa duk abin da aka ɗauko daga miksa ya fi na cikin taro, kuma masu sayarwa sun san haka, shi ya sa suke son rubuta kalmar. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Injiniyan da ke zaune a gaban miksa ba faifai yake haɗawa ba, zaure yake cikawa da sauti. Abin da ya riga ya yi ƙara daga kan dandamali, kamar jitar da aka ƙure wa amfilifaya, ba ya buƙatar a ɗaga shi sosai, murya kuwa dole a ɗaga ta. Sakamakon haka, ɗaukar miksa takan fito da murya a gaba, a bushe, ba amsa-kuwwar zaure, jama'a kuma kamar suna can wani gari. Kowane kuskuren mawaƙi yana fitowa tsirara. Ɗaukar cikin taro kuwa, idan mai ita ya sami wuri mai kyau da kayan aiki masu kyau, tana ba ka abin da mai tikiti ya ji, da nauyin ganguna yana dukan bango yana dawowa. Ni a nawa ra'ayin, a rangadin 1977 ɗaukar Millard ta fi ta Cleveland nesa ba kusa ba, duk da cewa ta biyun ce ta miksa, kuma a daren 21 ga Yunin ma mai gangar ƙungiyar, John Bonham, ya buga ganguna yadda sai a irin wannan ɗaukar ake jin girman abin.

Akwai wasu hanyoyin biyu da za ka ci karo da su. Ɗaya ita ce wasan da gidan rediyo ya watsa kai tsaye, kamar waɗanda Bruce Springsteen ya yi a 1978 a Cleveland da Passaic da San Francisco, waɗanda dubban mutane suka naɗa daga rediyon gidajensu. Waɗannan an haɗa su ne domin mai sauraro a gida, saboda haka sukan yi daɗi, sai dai kwafinsu ya bambanta gwargwadon ƙarfin kamun tashar a gidan wanda ya naɗa. Ɗayar kuma ita ce haɗin gambiza, inda ake ɗora ta miksa a kan ta cikin taro. Wannan aiki ne mai wuya, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne a daƙiƙa, wanda ya tsaya mita 34 daga lasifika yana jin komai a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ga shi kuma rikodoji biyu ba sa juyawa da gudu ɗaya daidai. Idan ba a daidaita su da haƙuri ba, za ka ji ganga tana bugawa sau biyu.

Yadda nake kwatantawa

Ba na fara sauraro daga waƙa. Waƙar iri ɗaya ce a kunnen duk wanda ke zauren, saboda haka ba ta nuna wanda ya naɗa. Abin da ke tona asiri shi ne shirun da ke tsakanin waƙoƙi. Nakan buɗe fayilolin a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, in jera su ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, in nemi wurin da mawaƙin ƙungiyar, Robert Plant, ke gaida jama'a, in daidaita su a kan kalma ɗaya. Idan maganar da ya yi ta bambanta, an gama, dare ne daban. Idan maganar ɗaya ce, sai in sa abin ji a kunne in bar mawaƙin, in koma sauraron mutanen da ke kusa da makirfo: wani ya yi fito da yatsa a ɓangaren hagu, wata ta yi dariya, wani yana tafi shi kaɗai bayan kowa ya daina, kujera ta yi ƙara. Waɗannan ƙananan sautuka na maƙwabtan mai ɗauka ne kaɗai. Idan fiton nan ya fito a fayil biyu a daidai daƙiƙa ɗaya, a kunne ɗaya, to uwarsu ɗaya, bambancinsu na hanya ne. Idan a ɗayan babu shi, sai wani mutum daban yana ihu a dama, to mutum biyu ne suka naɗi wasa ɗaya daga kujeru daban.

Alama ta biyu ita ce inda sauti ya yanke. Kaset mai minti 90 minti 45 yake ɗauka a kowace fuska, wasan kuma ya haura awa uku, saboda haka tilas mai ɗauka ya juya kaset ko ya sauya shi a cikin duhu. Gwanaye sukan yi haka tsakanin waƙoƙi, amma ko yaya ne ana rasa 'yan daƙiƙoƙi. Wuraren da aka rasa ɗin ba sa sauyawa a duk kwafin da ya fito daga wannan uwa. Idan ka tarar a wani kwafin an cike giɓin, ka saurara da kyau, sau da yawa za ka ji sautin zauren ya sauya kwatsam na ɗan lokaci sannan ya dawo, alamar an ɗauko faci daga wata ɗaukar. Facin ba laifi ba ne matuƙar an bayyana shi.

Sai kuma salsala. Masu musaya na gaskiya ba sa sakin wasa ba tare da ɗan fayil na rubutu ba, wanda ke bayyana hanyar da sautin ya biyo daki-daki: irin makirfo, irin rikoda, ko daga uwar kaset aka juye ko daga kwafi na nawa, da wace na'ura aka juye, wa ya juye, an taɓa sautin ko ba a taɓa ba. Tare da shi akan sa wasu lambobin tantancewa da ke nuna ko fayil ya sauya ko da ɗigo ɗaya tun da aka sake shi. Salsala tana iya zama ƙarya, kamar kowane rubutu, amma kwafin da ba shi da ita ko kaɗan nakan ajiye shi a gefe har sai kunne da ido sun wanke shi.

Minti biyar ɗin da suka ɓata

Yanzu ga kwafinka na biyu, wanda ya fi tsabta amma ya gaza. Abu na farko da zan duba shi ne ko an yanke wani abu, misali hirarrakin tsakanin waƙoƙi ko wani yanki na dogon kiɗan ganga. Idan komai yana nan amma kowace waƙa ta gaza 'yar'uwarta kaɗan, to matsalar gudu ce. Rikodar da aka kwafa da ita tana sauri, ko batirin ta farkon ya yi sanyi yayin ɗauka, kaset ya juya a hankali, da aka kunna shi a lafiyayyar na'ura sai sautin ya fito da sauri. Lissafin mai sauƙi ne. Idan kwafi yana gudu da ƙarin kashi 3 cikin 100, waƙar minti 10 za ta gaza da kimanin daƙiƙa 17, wasan awa uku kuma zai gaza da kusan minti biyar, wato daidai abin da ka bayyana. Kuma sautin da aka ƙara wa gudu yakan yaudari kunne, murya ta ƙara siranta, kiɗa ya ƙara zafi, mutum ya ce ƙungiyar ta fi kuzari a wannan kwafin.

Hanyar gwadawa ita ce a ɗauki wata waƙa da aka san muryar da ake kaɗa ta a kai, a gwada da na'urar saita jita ko da fiyano. Ƙarin gudu na kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti da rabin mataki cif, kashi 3 kuwa zai bar shi a rataye tsakanin matakai biyu, wanda duk mai kaɗa jita zai ji nan take. Amma a yi hattara, wasu makaɗa da gangan suke sassauta tsirkiya, Jimi Hendrix ma yakan sauke tasa da rabin mataki, saboda haka kayan kiɗan da ba a saita su kowane dare, kamar fiyano, sun fi zama abin dogaro. Wata dabarar ita ce gurnanin wutar lantarki. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, kuma amfilifaya kan saki wannan gurnani a wuraren shiru. Idan ka same shi a 62 maimakon 60 a wasan da aka yi a Amurka, kwafin yana sauri da kimanin kashi 3. Dabarar tana da iyaka, domin gurnanin yana iya shiga daga baya, a ɗakin wanda ya kwafa.

Game da tsabta da ƙarfi, ina roƙonka kada ka yanke hukunci sai ka daidaita ƙarar fayilolin biyu. Kunnen ɗan Adam yana fifita abin da ya fi ƙara, ko da kaɗan ne, kuma masu gyaran sauti sun san wannan. Bayan ka daidaita, ka saurari faifan ƙarfen da mai ganga ke bugawa, da tafin jama'a. Idan an yi wa kwafi wankin huci da hannu mai nauyi, waɗannan biyun ne ke fara lalacewa, za ka ji su suna ɓulɓul kamar daga ƙarƙashin ruwa, ƙarshen kowane sauti kuma yana yankewa kafin ya mutu da kansa. Huci kaɗan a kwafin kaset ba aibi ba ne, sau da yawa ma shaida ce cewa ba a taɓa shi ba. Manhajojin zamani masu raba murya da kayan kiɗa sun ƙara dagula lamarin, domin yanzu ana iya mayar da ɗaukar cikin taro ta yi kama da ta miksa, kuma wasu ba sa faɗin sun yi hakan.

Gwaji na ƙarshe na ido ne. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Spek, Audacity ma yana yi, da ke zana hoton sauti daga ƙasa zuwa sama. Faifan sidi yana iya ɗaukar sauti har zuwa kilohaz 22, wato ma'aunin kaifin sauti. A kwafin kaset na gaskiya za ka ga launi yana dusashewa a hankali yayin da yake hawa, huci yana cike saman. Idan kuwa ka ga an yanke saman da miƙaƙƙen layi a wajen kilohaz 16, sama da shi baƙi ƙirin, to fayil ɗin ya taɓa zama MP3 mai ƙaramin nauyi, ko da yanzu sunansa FLAC, wato nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai daga sauti. Abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Sai dai wasan da aka naɗa daga rediyon FM shi ma yakan tsaya a wajen kilohaz 15, saboda haka yankewar kaɗai ba hujja ba ce sai an haɗa da salsala.

Faifan Japan, da maganar halasci

Kamfanonin Japan irin su Tarantura da Empress Valley sun yi suna wajen kwali mai ƙayatarwa da buga kwafi kaɗan, kuma akwai lokacin da su ne ke fara fito da wasu kaset-kaset. Amma "na ainihi" ba ya nufin komai a nan, domin ainihin shi ne kaset-kaset ɗin da suka juya a zauren a 1977, duk sauran juyi ne. Idan sha'awarka kwali da hoto ne, wannan wani fanni ne na tarawa, yana da mutanensa. Idan sauti kake nema, ka tambayi mai tallar salsalar faifan da shekarar da aka buga shi, kuma ka sani cewa su kansu waɗannan faya-fayan ana kwaikwayonsu a sayar a matsayin na asali. Ni ba zan biya ba.

Ta fuskar doka, naɗar wasan mawaƙi a sayar ba da izininsa ba laifi ne a ƙasashe da yawa, Amurka ta kafa doka a kansa musamman a 1994, giɓin Turai ma an toshe shi a wajen wannan lokacin. Bayanin hukuncin ƙasar da kake zaune aikin lauya ne. Abin da zan iya gaya maka shi ne ladabin masu harkar: ba a sayarwa, ba a yaɗa abin da mawaƙi ya riga ya fitar a hukumance, kuma idan ya fitar ana saye. Mawaƙan ma ba bakinsu ɗaya ba. Manajan Led Zeppelin, Peter Grant, ya yi ƙaurin suna wajen farautar masu naɗa. Dylan ya buɗe jerin fitar da nasa tsofaffin kaya a 1991, Frank Zappa kuma a wannan shekarar ya kwashi faya-fayan masu butleg ya sake buga su da sunansa. 'Yan ƙungiyar Grateful Dead kuwa tun 1984 suka ware wa masu naɗa wuri na musamman a zauren wasa.

Saboda wannan izini, shawarata ita ce ka koyi kwatance a kan Grateful Dead kafin ka koma kan Led Zeppelin, ko da kiɗansu bai dame ka ba. A rumbun Internet Archive akwai wasanninsu masu yawa da za ka saurara a fili, kowanne da salsalarsa. Ka ɗauki wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977. Akwai ɗaukar miksa ta injiniyarsu Betty Cantor-Jackson, akwai ta cikin taro, akwai haɗin gambiza, ga kuma wanda aka fitar a hukumance a 2017. Dare ɗaya ne da aka tabbatar, hanyoyi daban-daban da aka bayyana, don haka kana da amsar a hannu yayin da kake horar da kunnenka.

Ban ji fayilolinka ba, saboda haka abin da zan faɗa hasashe ne daga bayaninka. Na farkon, mai huci da jama'a, shi ya fi kama da juyin da ba a taɓa ba, kuma shi zan mayar ma'auni. Na biyun ya yi kama da wanda aka wanke aka ƙara wa ƙara, mai yiwuwa yana sauri. Na ukun sai an gwada maganar Plant kafin a ce komai. Akwai kuma matakin da gwaji ba ya kaiwa: idan kwafi biyu duka daga uwar kaset suke, gudunsu daidai, ba a wanke su ba, sai dai wani ya ɗan ɗaga amon ƙasa wani bai ɗaga ba, wannan zaɓi ne na kunnenka da lasifikarka, kuma masana ma sukan rabu a kansa.

Kada ka goge ko ɗaya tukuna. Ka buɗe littafi ko jadawali a kwamfuta, ka rubuta wa kowane kwafi kwanan wata, zaure, irin ɗauka, tsawon kowace waƙa, inda ya yanke, da inda ka samo shi. Ka ajiye su a FLAC yadda suka zo, da fayil ɗin rubutunsu, a wuri biyu. Wasan awa uku yakan kai gigabait ɗaya ko fiye, don haka idan kuɗin data ko wurin ajiya a waya ya matsa maka, ka yi wa kanka ƙaramin kwafin MP3 na saurare, amma kada ka miƙa shi ga wani a matsayin na musaya. Kuma maimakon ka bi ƙungiyoyi goma a lokaci guda, ka tsaya a kan dararen nan shida na Forum. Na 23 ga Yuni, wanda Keith Moon na ƙungiyar The Who ya hau dandamali a cikinsa, shi ma Millard ya naɗa, kuma shi ne ya fi dacewa ka nema bayan wannan, domin zauren ɗaya ne, kayan ɗauka ɗaya, duk bambancin da ka ji na makaɗan ne da kujerar da ya samu.